Jan Tirela A Hamadar Simpson

A tsakiyar ƙasar Ostareliya akwai wata hamada wadda Turawa ke kira Simpson, su kuwa 'yan ƙasa na asali, watau kabilar Wangkangurru, suna ce da ita Munga-Thirri. Girmanta ya kai murabba'in kilomita 176,000. Abin da ya bambanta ta da sauran hamadu shi ne tuddan rairayinta. Sun fi 1,100, jajaye wur, sun miƙe a jere daga kudu zuwa arewa kamar kunyoyin gona, har wani tudun tsawonsa ya kai kilomita 200. Wanda ya nufi gabas daga yamma ba shi da hanyar kewayewa, tilas ya hau kowane ɗaya ya sauka.

Mutanen Wangkangurru sun daɗe suna zaune cikinta bisa dogara ga rijiyoyin da suke kira mikiri. Bature na farko da ya ratsa ta, Ted Colson, a kan raƙuma ya yi tafiyar cikin 1936. Mota ba ta ƙetare ba sai 1962, lokacin da Reg Sprigg ya bi da iyalinsa cikin jif ƙirar Nissan Patrol. Daga baya wani kamfanin Faransa mai binciken man fetur ya yanka hanya ɗoɗar, wadda har yau ake kira French Line. Ita masu yawon buɗe ido suka fi bi. Daga mashayar Mount Dare zuwa garin Birdsville ya fi kilomita 500, babu gidan mai, babu kanti, tafiyar kwana uku ko huɗu.

To, a nan ne maganar tirela ta shigo. Mutanen ƙasar nan suna son wata ƙaramar tirela mai ƙafa biyu wadda ake ɗaura wa mota a baya. In aka buɗe ta sai ga tanti da gado da murhu da tankin ruwa, gida guda. A bisa kwalta abin sha'awa ce. Amma ƙafafunta ba sa ja, jan su ake yi. Motar da injinta ke juya ƙafa huɗu takan hau tudu da kyar ita kaɗai, balle an rataya mata kaya mai nauyin tan guda ko fiye, wanda ke nutsewa cikin yashi yana jan ta baya.

Direban da ya san hanya, tun kafin ya taka rairayi zai sace iskar tayoyinsa har ta koma wajen rabin abin da ake hurawa don kwalta, na motar da na tirelar duka. Taya mai taushi takan baje, ta kwanta bisa yashi kamar tafin raƙumi. Sa'an nan ya zaɓi giyar da za ta kai shi ƙoli ba tare da canji ba, domin kuwa in ya ɗaga ƙafa a tsakiyar hawa, shi ke nan, ya kafe. Kafewar ma da sauƙi. Wahalar ita ce komawa da baya. Tirela ba ta bin ribas a kan gangara, sai ta karkace ta naɗe a jikin motar. Daga nan sai shebur, sai kwance ta, sai jiran abokan tafiya su zagayo da igiya, rana kuwa tana dukan ƙeya. In abin ya faru sau ɗaya labari ne na hira, amma tuddai dubu ke gaba.

Akwai kuma haƙƙin na baya. Mai tirela da ya ga zai kasa yakan take totur, tayoyi su yi ta tonon yashi, su bar ramuka hagu da dama. Duk motar da ta biyo sai ta yi ta tsalle tana jijjiga, kuma wannan jijjigar ce ke karya sifirin da ƙugiyar tirelar wani. Saboda haka hukumomin gandun suke gargaɗi da babbar murya kada a shiga da tirela. Gaskiya tana wajensu, ko da yake masu tirela sukan ce direban da ya ƙi sace iska ya fi su ɓarna. Wanda tasa ta karye a tsakiya, ɗauko ta sai ya biya dubban daloli.

Doka ta ce kowace mota ta kafa doguwar tuta a gaba, don wanda ke hawowa ta ɗaya gefen ya hango ta kafin a yi gaba da gaba a ƙoli. Daga 1 ga Disamba zuwa tsakiyar Maris kuwa rufe hamadar ake yi ɗungum, saboda lokacin ne bazararsu, zafi yakan kusa awo 50.

Yawanci daga yamma ake tasowa, don fuskar tuddan ta wannan gefe ta fi kwanciya. Sai dai ana matsawa gabas suna ƙara tsayi. Na ƙarshe, Nappanerica, wanda aka fi sani da Big Red, tsayinsa ya haura mita 30, yana nesa da Birdsville da kimanin kilomita 35. Da la'asar sakaliya mutanen da suka fito daga garin kan hau kansa su zauna, suna kallon masu fitowa daga hamada. Mai mota kaɗai yakan gwada ta tsakiya, inda ya fi tsauri. Mai tirela kuwa yakan dubi tudun, ya ƙara sace iska, ya nemi mahaya mafi sauƙi ta gefe.