Darasin Da Muka Koya A Ɗakin Ƙasusuwa

Mu biyu ne, mata da miji. Da muka je ƙasar Fotugal ziyarar 'yarmu da ke karatu a Lizbon, sai ta ce lalle mu ga wani tsohon birni mai suna Ebora, wajen kilomita 130 gabas da Lizbon. Muka shiga jirgin ƙasa da safe. Amma akwai wani nauyi a zuciyarmu wanda muka taho da shi tun daga gida. Shekara 4 ke nan ba mu ko gaisawa da wani ɗan'uwanmu na jini saboda gonar gado. Muna zuwa sujada kowace Lahadi, muna raira waƙa, amma in an ambaci sunansa sai mu ɗaure fuska.

Ebora birni ne mai ganuwa, da farar gidaje da ƙananan lunguna. Mun fara da babbar majami'ar garin, wadda aka soma ginawa a shekarar 1186. Da duwatsu aka gina ta, tana da hasumiya biyu, kai ka ce gidan yaƙi ne. Muka hau bisa rufinta, muka hangi gonakin zaitun har iyakar ganin ido.

Kusa da ita akwai gidan 'yan zuhudu na Loyos, wanda aka kafa a 1485. Mutanen da suka zauna a ciki sun bar aure da dukiya domin addu'a. Amma a 1834 gwamnatin Fotugal ta rushe ƙungiyoyin 'yan zuhudu maza, ta karɓe gidajensu. Yanzu gidan ya zama masaukin baƙi. Ɗakunan da aka yi ta durƙuso a ciki, yau matafiya ne ke biyan kuɗi su kwana. Muka tsaya shiru. Waɗanda suka ɗora duwatsun nan ba su taɓa zaton haka ba.

Da rana ta yi tsaka, 'yarmu ta ce, "Baba, Mama, saura wuri ɗaya, amma sai kun daure." Ta kai mu majami'ar Waliyyi Faransis. A gefenta akwai wani ƙaramin ɗakin addu'a da ake kira Ɗakin Ƙasusuwa. Fiye da shekara 300 da suka wuce, makabartu suka cinye fili a cikin gari. Sai 'yan zuhudun Faransis suka tono ƙasusuwan mutane wajen 5,000, suka jera su a bango da ginshiƙai. Nufinsu shi ne duk wanda ya shiga ya tuna da ƙarshensa. A bisa ƙofa sun yi rubutu, kamar ƙasusuwan ne ke magana, suna cewa suna nan suna jiran namu.

Gani ya kori ji. Ƙoƙunan kai ne jere bisa jere, daga ƙasa har sama. Muka yi ta dubawa ko za mu iya rarrabe mai gona da ɗan ƙodago, ko mai gaskiya da wanda ya ci amana. Ba mu iya ba. Lalle a cikinsu akwai 'yan'uwan da suka mutu ba sa magana da juna. Ga su nan kafaɗa da kafaɗa, gonar kuwa tana hannun waɗansu da ba su ko san sunayensu ba.

Ba wanda ya ce uffan har muka fito. Muka zauna a kan wani benci a bakin majami'ar. Can sai muka dubi juna, ashe tunaninmu ɗaya. Mun daɗe muna roƙon Ubangiji ya gafarta mana laifofinmu, mu kuwa mun ƙi gafarta wa ɗan'uwanmu. Muka yi addu'a a nan, da hawaye.

Daren nan muka buga masa waya. Ba za mu ɓoye muku ba, abin bai zo da sauƙi ba. Ya amsa da sanyin murya, gaisuwar ma gajeriya ce. Amma da muka dawo gida muka taka har ƙofarsa, gama zumunta a ƙafa take. Maganar gona ba ta ƙare ba tukuna, dattawa suna kanta. Sai dai yanzu muna cin tuwo a kwano ɗaya, 'ya'yanmu kuma sun koma ziyartar juna.

Ya mai karatu, ba sai ka je Ebora ba. Akwai makabarta a bayan garinku. Wane ne ka daina gaisarwa, kuma a kan me? Je ka same shi tun kuna iya jin muryar juna. Allah ya ba mu zuciyar gafara, saboda Almasihu wanda ya fara gafarta mana. Amin.