Ƙanƙarar da Ake Ɗiba da Cokali



Kalmar ƙanƙara ɗaya ce a bakinmu, amma kayan da muka ɗora mata suna da yawa. Wadda ke zubowa daga sama farkon damina tana dukan kwanon ɗaki, ƙanƙara ce. Bulon da ake sayowa a fasa a zuba cikin kula ranar biki, ƙanƙara ne. Soɓon da aka ƙulla a leda ya kwana a firiza, wanda 'yan Kano ke kira zoɓo, shi ma ƙanƙara. Mu da muka tashi tsakanin Gwandu da Kalgo, dangin uba can, dangin uwa nan, ta ukun muka fi sani. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma randa kanta ke ba da ruwa mai ɗumi, babu ƙofar makaranta ko bakin tasha da ba za ka ga yarinya da kularta ba: ta soɓo, ta tsamiya, ta garin 'ya'yan kuka, ta citta. Shekarun da azumi ya faɗo cikin bazara kuwa, kafin la'asar an saye ta kaf.

Sai dai duk wanda ya sha ta ya san halinta. Ba a cin ta, tsotsa ake yi. Ka huda kusurwar leda da haƙori, ka zuƙe zaƙin da jan launin cikin minti biyu, a bar ka da farin dutse marar ɗanɗano. Muna yara mun ɗauka haka Allah Ya yi ƙanƙara. Da muka girma muka fara ganin wata iri a waya, ta 'ya'yan itace zalla, babu madara a cikinta, amma ana ɗibarta da cokali tana lanƙwasa kamar man shanu. Faransawa na kiranta sorbet. Ka bi bayanin yadda ake haɗa ta, komai muna da shi a gida: 'ya'yan itace, sukari, lemun tsami. Can ƙarshe sai a ce a zuba cokali ɗaya ko biyu na wata giya mai zaƙi, wadda aka jiƙa da ɓawon lemu ko wani ɗan itace. Nan yawancinmu ke yin a'uziyya mu rufe shafin.

Barin giyar ba abin tattaunawa ba ne a wurinmu. Balle ma wannan haɗin ba ya hawa wuta, ko mai kafa hujja da cewa tana ƙonewa a tukunya ba shi da abin faɗa, yadda aka zuba ta haka za a sha ta. Abin da muke ganin asara shi ne jefar da bayanin gaba ɗaya ba tare da tambayar aikin da cokalin nan ke yi ba. Ba don maye suke zuba ta ba, cokali biyu a kwanon da mutum shida za su raba. Aiki biyu take yi musu: ƙamshi, da hana ƙanƙarar zama dutse.

Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili. Duk abin da ya narke a cikinsa, gishiri ne ko sukari ko giya, yana sauke wannan mataki ƙasa, sai sanyi ya ƙara tsanani kafin ya daskare. Sinadarin da ke cikin giya shi kansa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 114 ƙasa da sifili, firizar gida kuwa a wajen 18 take tsayawa. Idan aka sa ruwa mai sukari a firiza, ruwan ne kaɗai ke komawa ƙananan tsakuwoyi, sukarin ya taru a ragowar ruwan da ke tsakaninsu, ya yi kauri har sanyin firizar ya kasa daskarar da shi. Wannan ragowar ce ke sa cokali ya shiga. Ita ce kuma muke zuƙewa daga ledar soɓo mu bar farin dutse. Ashe tun muna firamare muke yin gwajin kimiyyar da bakinmu.

Wani abin da ya ba mu dariya shi ne asalin sunan. Faransawa sun karɓo shi daga sorbetto na Italiyawa, su kuma daga sharbat na Turkawa da Farisawa, tushensa kuwa kalmar Larabci ce ta sha, wadda duk ɗan makarantar allo ya sani. Abin shan Musulmi ne na 'ya'yan itace da sukari da ake sanyayawa da ƙanƙarar duwatsu. Italiyawa suka daskarar da shi, har wani mai kula da girkin manya a birnin Nafoli, Antonio Latini, ya rubuta yadda ake haɗa shi a littafin girkinsa na shekarun 1690. Wanda ya cire giyar bai rage wa abin komai daga asalinsa ba.

To me zai tsaya a madadinta? Na farko sukarin kansa, idan an sa shi daidai. Ma'aunin da ya zauna mana shi ne gwangwanin madara huɗu na markaɗaɗɗen ɗan itace, gwangwani ɗaya na sukari. Mangwaro mai zaƙi irin binta siga a rage kaɗan, tsamiya da soɓo a cika shi fal. Idan ka ɗanɗana kafin a sa a firiza ka ji zaƙin ya ɗan yi yawa, to ya yi daidai, domin sanyi yana dakushe harshe. Ga masu ruwa-ruwa kamar soɓo da kankana akwai tsohuwar dabarar masu girki: a wanke ɗanyen ƙwai tas a saka a ciki. Idan ya nutse, sukari bai isa ba. Idan ya taso har abin da ya fito sama ya kai faɗin murfin kwalbar lemo, an dace. Idan ya wuce haka a ƙara ruwa, don sukari in ya yi yawa haɗin ba zai kama jikinsa ba ko ya kwana biyu.

Na biyu zuma, kuma ita ce ta fi kusa da aikin giyar. Irin sukarin da ke cikinta ƙwayoyinsa sun fi na sukarin kanti ƙanƙanta, saboda haka ƙarfinsa wajen hana daskarewa ya kusa ninka na kanti. A cire cokali uku daga sukarin a mayar da zuma cokali biyu, za a ga bambanci da safe. Dabinon da aka jiƙa aka markaɗa shi ma yana taimakawa, sai dai yana dusashe launi. Ƙamshi kuwa ba mu da abin roƙo wurin kowa. Giyar da suke taƙama da ita ɓawon lemu ne sirrinta, mu sai mu kankare bayan lemun tsami, koren kawai ban da farin da ke ɗaci, mu zuba. Mangwaro yana son citta ɗanya. Soɓo yana son kanumfari, amma ƙwaya uku ko huɗu, ba irin zubin da wasu ke yi har ya koma kamar maganin haƙori ba.

A nan ne maganar ta bar kicin ta shiga aljihu. Matan da ke ƙulla ƙanƙara a gidajen Gwandu da Kalgo ba sha'awa suke yi ba. Da ita ake sayen omo da sabulu, da ita ake zubin adashi, wata da ita take tara kayan ɗakin 'yarta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka tashi, sukari ya zama abin aunawa da cokali, yaron makaranta kuma kuɗin da ke hannunsa bai ƙaru ba. Sai da yawa suka koma ga sakarin, wanda ɗan ƙwayarsa ke zaƙaƙa bokiti. Zaƙinsa ya ninka na sukari sau ɗaruruwa, kuma nan matsalar take: abin da ake zubawa bai taka kara ya karya ba, don haka ba ya taɓa daskarewar ruwan ko kaɗan. Ƙanƙarar sakarin ita ce dutsen gaske, ga ɗaci-ɗacin da take bari a maƙogwaro. Mun taɓa kawo wa wata gwaggonmu a Kalgo wannan dogon bayani, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyana, wanga karatu naku na da kyau. To wa zai biya kuɗin sukarin?" Ba mu da amsa a ranar, kuma ba ma ganin laifinta. Taurin ma yana yi mata rana, domin dutse ya fi jure yawo cikin kula daga hantsi zuwa la'asar. Mai laushin nan minti goma ta yi a rana ta zama kunu.

Shi ya sa muke ganin kasuwarsu daban ce. Ta leda ta yara ce da matafiya. Ta cokali ta gida ce, ta buɗa-baki, ta baƙon da ake jin kunya, ko a zuba a ƙananan robobi masu murfi a kai inda ake iya biya. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi tana nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, cike da ɗalibai da ma'aikata masu neman abin sanyi. Mai firizar sola da ta gwada wannan da mangwaron da ke zuba yana ruɓewa a watan Afrilu, ba ma jin za ta yi da-na-sani.

Sauran magana wuta. Duk abin da muka faɗa ya dogara da firizar da ta samu awa shida ko takwas ba a ɗauke ba, kuma kowa ya san yadda wannan yake a bazara. Haɗin da ya narke ya sake daskarewa tsakuwoyinsa girma suke yi, laushin ya tafi, in ya daɗe a narke ma cikin yara ne zai biya. Amma mutanen Nafoli ba su san lantarki ba lokacin da suke yin nasu. Ƙanƙara da gishiri suka yi amfani da su. A sayo bulo a daddaka, kashi uku na ƙanƙara kashi ɗaya na gishiri, a zuba a bokiti. Gishirin yana tilasta wa ƙanƙarar narkewa, narkewar kuma tana janye zafi daga duk abin da ke kusa, har sanyin ruwan gishirin ya iya kusantar digiri 21 ƙasa da sifili. A zuba haɗin a kwanon silba mai murfi, a nutsa shi cikin bokitin ba tare da ruwan gishiri ya shiga ba, ana juyawa ana kankare gefe da cokali. In haɗin ba shi da yawa kuma da sanyinsa aka fara, minti ashirin zuwa talatin ya kama. Yara suna son wannan aikin fiye da shan abin.

Ranar da aka yi sa'ar wuta kuwa akwai hanya mafi sauri. A yanka mangwaro ƙanana, a baza a faranti a firiza har ya daskare. In mai zare ne a markaɗa a tace da rariya tukuna, a daskarar da shi a ƙananan leda. Lokacin sha a zuba gwangwani huɗu a injin markaɗe, zuma cokali uku, ruwan lemun tsami ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, a markaɗa minti biyu. Injin ne ke farfasa tsakuwoyin, don haka wannan ba ta buƙatar sukari mai yawa, amma a take ake shanta. In injin ya ƙi juyawa a jefa rabin ayaba nunanna, tana ba shi santsi ba tare da ta danne ɗanɗanon mangwaron ba. Ayaba dai ba baƙuwa ba ce a wajenmu: Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ayabar garin da albasarsa na cikin abin da ya yaba.

Kankana ce kaɗai ta ƙi wannan gajeriyar hanya. Fiye da kashi 90 cikin ɗari nata ruwa ne, ba ta da tsokar da za ta riƙe haɗin, in an markaɗa ta a daskare sai ta zama gari-gari ta tsinke nan da nan. Ita sai an bi ta da cikakken gwangwanin sukari da zuma, da lemun tsami biyu maimakon ɗaya, a sa a faranti mai faɗi, duk bayan rabin awa a fito da shi a karce da cokali mai yatsu, sau huɗu ko biyar. Wanda zai yi ta don buɗa-baki ya fara tun azahar.