Wutsiyar Kili da Darasin Jajibere



Duk wanda ya tashi a Maamobi ya san Sallah ba ta cika sai an ga dawaki. Idan aka sauko daga Idi, makaɗa na gaba, sarakunan Zango na bisa sirdi, yara na bin su a guje kan titin Nima, babu dokin da ido ke fara sauka a kansa kamar kili. Sai dai farin doki kamar farar riga yake, ba ya rufa wa mai shi asiri.

Mu a nan ba mu da fili. Gida ya manne da gida, saboda haka mai doki a ɗan lungu yake kafa turkensa. Nan dokin ke kashi da fitsari, nan yake kwanciya, ga jar ƙasa, ga ƙurar hunturu. Farin gashi kuwa ba shi da launin da zai ɓoye datti, shi ya sa a hankali wutsiya kan rine ta koma rawaya. Ta goɗiya ta fi saurin rinewa saboda fitsari.

Shekara 6 da suka wuce aka aro wa mai unguwarmu wani kili don hawan Sallah. Ana saura kwana 2 aka damƙa mana shi, mu malaman makaranta, wai mu ne masu ilimi, mu san yadda za a yi da wutsiyar. Ranar jajibere muka wanke ta da sabulu har sau 3, ba ta sauya ba. Sai ɗayanmu ya kawo ruwan nan mai ƙarfi da mata ke sa wa fararen tufafi, muka tsoma ta a ciki. Da gari ya waye gashin ya bushe ƙamas kamar tsohuwar tsintsiya, ko'ina aka taɓa sai ya karye, rawayar ma ba ta tafi ba. Mai dokin ya zo ya shafa wutsiyar, ya dube mu ya ce, "Malam, haka aka yi?" Bai ƙara ko kalma ba. Da ma zaginmu ya yi da ya fi mana sauƙi, domin amana muka ɓata. Gashin wutsiya a wata guda da ƙyar yake ƙara tsawon gaɓar yatsa, kuma da ita doki ke korar ƙuda.

Kunya ce ta kai mu wurin wani dattijo a Nima wanda ya tsufa a barga. Da ya ji labari sai ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya yi wata 6 yana shiga, ba ya fita a dare ɗaya."

Ga abin da Baba ya koya mana. A fara mako 3 kafin hawa. Mutum ya tsaya a gefen doki, kada ya tsaya daidai bayansa. A tsoma wutsiya cikin bokitin ruwan ɗumi ta jiƙa sosai, a cuɗa ta da sabulun salo, a bar kumfar ta ɗan jima, sannan a ɗauraye har ruwa ya fito garau, domin sauran sabulu shi ke kama ƙura. Bayan haka a matsa lemun tsami cikin ruwa a jiƙa inda ya rine, a sake ɗaurayewa. A maimaita duk bayan kwana 3 ko 4. Wanki na ƙarshe a sa bula kaɗan, ruwan ya yi kamar sararin sama da safe. In ta yi yawa, da shuɗiyar wutsiya za a yi hawa. Mu da muka karanta a kwalejin horon malamai cewa shuɗi na danne rawaya a ido, sai muka yi tsit. Baba bai taɓa riƙe alli ba, amma ya riga mu sani.

Idan ta bushe, a warware ta da yatsu daga ƙasa zuwa sama, a kitse, a naɗe da ƙyalle mai tsabta daga ƙarƙashin ƙashin wutsiya. Kada a ɗaure kan ƙashin, jini zai tsaya. Abin da ya fi nanatawa kuwa shi ne sharar turke safe da yamma. Ya ce rabin wankin wutsiya da tsintsiya ake yin sa.

Bara Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bana mai dokin nan ya sake ba mu amanar kilinsa, muka tafi da ɗalibanmu 4, su suka yi wankin muna kallo. Ranar hawa da dokin ya kaɗa wutsiya fara sol, yaran suka yi ta nuna wa abokansu, mu kuwa Baba muka tuna.

Irin dattawan nan saura kaɗan a Nima da Sabon Zango da Kumasi. Wanda ke da ɗaya kusa da shi, ya ɗauki yara ya kai musu gaisuwa tun yau.

Allah ya jiƙan Baba, ya maimaita mana.