Ɗan Sandan Da Bai Runtsa Ba

Duk inda aka ambaci ɗan sanda a ƙasar nan, ƙorafi ne ke biyo baya: ga tsawa, ga saurin hannu, ga neman na goro a bakin hanya. Ban ce ƙarya ake yi masa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma aikin jarida ya nuna mini inda tsamin yake farawa.

Ranar Laraba 16 ga watan Maris na 2016, wasu mata biyu suka ta da bam a wani masallaci a Umarari, kusa da Molai a gefen Maiduguri, lokacin sallar Asuba. Fiye da mutum 20 suka riga mu gidan gaskiya. Abin da kan tare irin wannan masifa shi ne ido: idon da zai lura da baƙuwar fuska, ko rigar da ta kumbura fiye da kima. To, jama'a, idon da ya kwana biyu bai runtsa ba, yaya zai ga wannan?

Na sha tsayawa a shingayen da ke kan hanyar Damboa, wadda ta bi ta Molai. Na ga ɗan sanda a tsaye tun hantsi har la'asar cikin zafin Afrilu, idanunsa jawur, yana tambayar direba abin da ya riga ya tambaye shi. Rashin barci yakan dushe ido, ya gajarta haƙuri, ya sa yatsa ya riga tunani isa ga kunamar bindiga. Ga kuma fargaba, domin tun daga rikicin Boko Haram na watan Yulin 2009 kakin ɗan sanda ya zama abin farauta a Barno. A 2014 har makarantar horar da 'yan sandan kwantar da tarzoma ta Limankara, kusa da Gwoza, sai da aka auka mata.

Sai batun aljihu. Ranar Litinin 2 ga watan Yuli na 2018, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka tare hanya a gaban hedkwatarsu ta Maiduguri, suna harbi sama, saboda alawus ɗinsu na watanni da ba a biya ba. Mutumin da ya baro iyali a wata jiha babu hatsi a gida, hankalinsa na kan aljihun direba, ba kan abin da ke bayan mota ba. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Wannan ba uzuri ba ne ga azzalumi. Wanda ya ci zali a hukunta shi. Amma ina roƙon hukuma ta ƙayyade awoyin tsaro, ta riƙa sauya waɗanda suka daɗe a bakin daga, ta biya haƙƙi a kan kari, ta kuma samar da likitocin da za su saurari wanda ya kwashi gawar abokin aikinsa. Masallatan Asuba a Umarari sun cancanci mai gadin da ya yi barci ya ƙoshi.