Amsa Ɗaya, Fahimta Barkatai

Mu 'yan cikin birni mun san ba hanya ɗaya ce ke kai mutum Kasuwar Kurmi ba. Wani ya shigo ta Ƙofar Mata, wani ta Ƙofar Wambai, wani ya ratso lunguna tun daga Kabuga. Da wannan idon nake kallon gardamar masana kimiyya a kan ilaktaron, 'yar mitsitsiyar ƙwayar nan da ke cikin zarra.

A 1925 Bajamushe Werner Heisenberg ya fito da lissafin da ke bayyana halinta. Lambobi ne jere a gida-gida, wanda ya taso a zauren malamai sai ya rantse hatimi ne. A 1926 Erwin Schrödinger, mutumin Ostiriya, ya zo da nasa, ya siffanta ta da igiya mai yaɗuwa, irin wadda ke tashi in an jefa dutse a kududdufi. Kowa ya kushe na ɗan'uwansa, sai ga shi a shekarar an gano amsarsu ɗaya ce. A 1948 Richard Feynman na Amurka ya kawo hanya ta uku: a tattara duk hanyoyin da ƙwayar za ta iya bi, a haɗa lissafinsu, ba a bar ko lungu guda ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mece ce ita igiyar? Max Born ya ce ba ta faɗin inda ƙwayar take, sai dai yiwuwar a same ta a wuri kaza. A 1952 David Bohm ya ce ƙwayar tana da mazauninta, igiya jagora ce kawai. Har yau gwaji bai raba wannan gardama ba, alhali da lissafin aka ƙera kayan cikin rediyo da wayar hannu.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu. Sau da yawa akan ba su lissafin Schrödinger su haddace don jarrabawa, ba a gaya musu cewa manyan fannin ba su daidaita a kan ma'anarsa ba. A zaurukan fiƙihu na garin nan kuwa, malami ba ya ɓoye wa almajiri saɓanin malamai. Yakan ce wane ya ce kaza, wane ya saɓa masa, ga hujjar kowa. Ina fata malaman kimiyya su ari wannan ɗabi'a, domin yaron da ya san inda aka yi saɓani shi zai iya yin tambayar da ta dace.