Kyankyaso ƙishirwa yake tsoro

A shirin lafiyar iyali da nake gabatarwa a wani gidan rediyo na Maraɗi, da damina ta kama, tambayar da ta fi yawa ita ce ta kyankyaso. Galibi mata ne mazauna gidajen haya ke bugo waya, kuma kukansu ɗaya: an fesa magani, ba a daɗe ba sun dawo.

Dalilin dawowar yana cikin ƙwai. Macen kyankyaso tana zuba ƙwanta cikin wani ɗan ƙwanso mai tauri wanda feshi bai cika ratsa shi ba. Na ƙaramin kyankyaso mai zama a madafa yana ɗauke da ƙwai 30 zuwa 40, na babban jan nan mai fitowa daga salga kuwa kamar 16. A kashe uwa yau, bayan makonni ƴaƴa su fito. Ga shi daga salga yake tasowa ya bi ta kan kwanon tuwo, ya bar mana ƙwayoyin cutar gudawa, kashinsa kuma yana tayar wa yara ciwon asma.

Kullum ina roƙon masu saurare su guji piya-piya. Maganin gona ne, kuma yayyafa shi a ɗakin da yara za su kwana kasada ce da rayukansu.

A gidana da ruwa na fara yaƙin. Kyankyaso yana iya yin kusan wata bai ci ba, amma rashin ruwa ba ya wuce masa mako guda. Saboda haka bayan sallar isha'i muna rufe randa da bokitai, a wanke kwanoni a kife su, a share ɓurɓushin abinci, a fitar da shara. Bakin salga na yi masa murfi, tsagar bango na toshe da siminti.

Sannan tarko. Ina sayen garin borik a farmasi, in haɗa cokali ɗaya da cokali ɗaya na fulawa da ɗaya na sukari, in kwaɓa da ɗan ruwa, in mulmula ƙanana. Zaƙin ke janyo shi, borik ɗin ya kashe shi cikin ƴan kwanaki. Ana turawa can bayan kabad da ƙarƙashin akwati, inda hannun yaro da bakin kaza ba za su kai ba, domin shi ma guba ne. Wanda na gani yana yawo kuwa, ruwan sabulu mai kumfa nake watsa masa, domin ta ƙananan ramuka a gefen jikinsa yake numfashi, kumfar ta toshe su. Ganyen dogon yaro cikin akwatin tufafi yana taimakawa wajen kora, sai dai ba ya taɓa ƙwai.

Abin da ya fi wuya shi ne maƙwabta. A gida mai ɗaki shida da salga ɗaya, in mutum ɗaya ya gyara, kyankyaso ɗakin kusa zai koma ya jira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna da matan gidan, ku tsayar da rana guda, kowa ya sa tarkonsa, a maimaita bayan mako uku domin sababbin ƙyanƙyasa.