Dutsen da muka zaɓa, da maganar da na kasa faɗa wa aminina

1/ Tun da na ɗora hoton nan na cikin dusar ƙanƙara wayata ba ta huta ba. "Ina ne nan?" "Nawa ka kashe?" Wani har cewa ya yi ashe dama ɗan masu kuɗi ne ni. To ku gyara zama in ba ku labarin, don saura ƙiris tafiyar nan ta raba ni da aminina. Zare ne 🧵

2/ Ina aji uku a wata jami'a a Ankara. Mu huɗu ne 'yan Arewa a gidan haya ɗaya. Hutun tsakiyar shekara yana faɗowa ƙarshen Janairu, kuɗin jirgin zuwa gida kuwa ba a magana. Sai muka ce bana ko sau ɗaya ne mu gwada zamiyar ƙanƙara, kar mu gama karatu a Turkiyya ba mu taɓa ba.

3/ Sharaɗi uku muka sa: wuri mai araha, gangara mai kyau, sannan dare ya zama da rai. Na ukun nan aminina ɗan Zariya ne ya kawo shi, kuma tun kafin a rufe baki ya ce Uludag ko a fasa.

4/ Gaskiya ba laifinsa. Uludag yana saman birnin Bursa, tsayinsa mita 2,543, akwai keken igiya da ke ɗaukar mutum daga cikin gari har sama, tafiyar kusan kilomita 9 kana kallon daji a ƙasanka. 'Yan Istambul can suke tururuwa ƙarshen mako. Kiɗa, fitilu, bukukuwan ɗalibai, duk bidiyon da kuke gani a TikTok yawanci can ne.

5/ Na buɗe farashin otal ɗin da ke saman dutsen. Kwana biyu kacal ya zarce abin da Baba yake turo min na wata guda. Kuma Baba ɗan fansho ne. Da naira yake karɓa, kafin kuɗin su zama dala su zama lira sun rame. Na san ranar da yake zuwa banki, na san abin da ake ragewa a cefanen gida saboda ni.

Amma da suka juyo suna kallona, abin da ya fito daga bakina shi ne "ba damuwa, bari mu duba."

6/ Daren nan na zauna da biro da takarda. Kuɗin zamiya kashi-kashi ne: wurin kwana, katin hawa kujerun igiya, hayar kaya (allunan ƙafa, takalma, sanduna, hular kwano, wando da rigar da ba sa shan ruwa), sai mai koyarwa. Kati da haya sun bambanta daga wuri zuwa wuri, amma ba su ke karya mutum ba. Kwana a saman dutse ne, da cin abinci a can.

7/ Nan na gane tambayar da ya kamata mu yi: dutsen nan, yaya nisansa da garin da talaka yake kwana? In za ka iya kwana a gari, ka ci abincin gari, ka hau da safe ka sauko da yamma, rabin matsalar ta kau.

8/ Wurare biyu suka fito. Erjiyes, wajen kilomita 25 daga Kayseri, tsohon dutse mai aman wuta, mita 3,917, hanyoyin zamiyarsa in an haɗa sun haura kilomita 100, kuma ya fi kusa da Ankara. Sai Palandoken a Erzurum, can gabas, wanda daga tsakiyar gari kana hango shi, 'yan mintuna ne a mota. A Erzurum aka yi gasar wasannin hunturu ta jami'o'in duniya a 2011, don haka wurin a shirye yake.

9/ Abin da ya raba gardama: muna da ɗan uwa ɗan Katsina da yake karatu a Erzurum, abokan zamansa sun tafi hutu, ɗaki ba kowa. Kwana kyauta kenan.

10/ Yanzu ga inda na tafka shirme. Maimakon in ce wa aminina ba ni da kuɗin Uludag, sai na koma wa'azi. Wai cunkoso ya yi yawa, wai layi, wai wurin shan giya ne, bai dace da mu ba. Ya ƙura min ido ya ce, "Malam, yaushe ka zama liman? Ba kai ne ka turo min bidiyon wurin ba?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Kwana biyu gida ɗaya, ko gaisuwa sama-sama.

11/ Rana ta uku na same shi a kicin yana dafa Indomie. Na ce, mutumina, ƙarya na yi maka. Kuɗin ne ba ni da su, kuma ba zan iya kiran Baba in ce ya ƙaro don in je wasa a ƙanƙara ba. Ya yi shiru, ya rage wuta, sannan ya ce shi ma da kuɗin hayar watan Maris ya yi niyyar zuwa. Ashe duk mu biyun kowa tsoron ɗan uwansa yake ji.

12/ Mun so hawa jirgin ƙasan nan da ke tashi daga Ankara zuwa Kars, yana bi ta Erzurum, amma lokacin sanyi tikitinsa kamar zinare. Bas muka bi, fiye da awa 12. Muna sauka iska ta mare ni. Duk wanda yake kukan sanyin hunturu a Kano, ya zo ya yi alwalar asuba a Erzurum mu gani.

13/ Gangarar kuwa ba abin kushewa. Launi ake sa wa hanyoyin: kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na waɗanda suka bar wasiyya. Mun haɗa kuɗi mu huɗu muka ɗauki mai koyarwa na awa ɗaya, kuma su ne kuɗin da suka fi amfani a tafiyar. Shi ya nuna mana yadda ake haɗa bakin allunan a buɗe bayansu in ana son tsayawa. Ku koyi birki kafin gudu, don Allah.

14/ Duk da haka na sha ƙasa ba adadi. Akwai lokacin da ina kwance ina neman sandata, wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta wuce ni fiu, har da waiwaye.

15/ Maganar dare, ba zan yi muku ƙarya ba. In gidan rawa kake nema har asuba, Erzurum ba wurinka ba ne, Uludag ya fi shi nesa ba kusa ba. Manyan otal na saman Palandoken suna da nasu kiɗan, amma na baƙinsu ne.

16/ Namu daren daban. Ana kunna fitilu a wasu hanyoyin a yi zamiyar dare, ga birnin gaba ɗaya yana ƙyalli a ƙasa. Mu sauko mu nufi titin Jumhuriyet, gidajen shayi cike da ɗalibai ana buga okey. Shayinsu ba a zuba masa sukari, guntun ƙwarar za ka saka a baki kana kurɓa. Sai ja kebab, naman rago da ake gasawa a kwance gefen wutar itace, ana yanko maka a tsinke har sai ka ce ya isa. Ɗan Zariya ya ci tsinke shida yana mitar wai garin ba rai.

17/ Kwana huɗu, da mota da haya da kati da ciki, abin da na kashe bai kai kuɗin kwana biyun otal ɗin can ba. Shi har yanzu cewa yake baɗi sai Uludag. Na ce ya fara tara nasa, ni ma in gani.

18/ Hoton kuma na tura wa Umma kafin in ɗora a nan. Ta turo saƙon murya na daƙiƙa bakwai: "Kai yanzu wa ya aike ka? Ina safar wuyanka?"